Karayar da Ta Ƙi Kamawa da Abin da Majinyaci Ke Ci

Yau a kan karaya za mu tattauna, musamman irin wadda ta ƙi kamawa. Mutum ya faɗi da babur ko ya faɗo daga kan gini, an yi masa ɗori ko an ɗaure shi a asibiti, wata uku ya wuce, wata shida ya wuce, amma har yanzu in ya taka ƙafar sai ya ji wurin yana motsi, yana zogi. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce maɗorin ne bai iya ba, wasu su ce jininsa ne ba kyau. Tambayar da ban cika jin an yi ba ita ce: me wannan bawan Allah yake ci tun ranar da ya kwanta?

Likitocin ƙashi suna da ma'auni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka tana lissafa karaya a matsayin wadda ta ƙi kamawa idan an kai wata 9 da jin ciwon, kuma an yi wata 3 a jere hoton ƙashi bai nuna wani ci gaba ba. Likitoci da yawa ba sa jira har wata 9 ɗin, tun a wata 6 suke fara neman dalili. Ƙiyasin da aka fi ambata a littattafan likitanci shi ne karaya 5 zuwa 10 cikin kowace 100 tana jinkiri ko ta ƙi haɗewa. Ƙashin ƙwauri na kan gaba wajen wannan matsala, domin fata ce kawai ta rufe gabansa, jini bai wadace shi ba, kuma shi ne ya fi shan wahala a hatsarin babur, inda sau da yawa ƙashin kan huda fata ya fito waje.

To yaya ƙashi ke warkewa? Da ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin ɓangarorin biyu. Wannan gudan jinin shi ne mafarin aikin, kuma shi ya sa yawan murza wurin da kwance ɗauri ana sake ja ke mayar da hannun agogo baya. Cikin mako biyu zuwa uku sai wani abu mai laushi irin guringuntsi ya haɗa bakin karayar. Daga nan sinadarin kalsiyam da fosfet su fara zama a kansa har ya yi tauri, ya zama ƙullutun nan da ake ji idan an shafa wurin. Sannan jiki ya ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, yana sassaƙe ƙullutun har ƙashin ya koma kamanninsa.

Yawancinmu idan aka ce ƙashi, kalsiyam ne ke zuwa mana a rai. Gaskiya ne shi ke ba ƙashi tauri. Amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙashi ba ma'adini ba ne, kuma kashi 90 cikin 100 na wannan ɓangaren wani furotin ne, wato sinadarin gina jiki, mai suna kolajin. Duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini ya san ba a zuba ramno don ado. Ƙasa tsura takan tsage ta farfashe, ramnon ne ke riƙe ta. Kolajin shi ne ramnon ƙashi, kuma a wajen warkewar karaya shi jiki ke fara shimfiɗawa kafin kalsiyam ya sami wurin zama. In babu shi, ko an cika mutum da ƙwayoyin kalsiyam, ba su da abin da za su kama.

Shi kuma kolajin, kamar kowane furotin, daga ƙananan sinadarai ake harhaɗa shi, waɗanda ake kira amino asid. Iri 20 ne jiki ke amfani da su. Daga ciki 9 jiki ba ya iya ƙera su, tilas sai ta abinci. Akwai kuma wasu da jiki ke iya ƙerawa a lokacin lafiya, amma idan mutum ya ji mummunan rauni abin da yake ƙerawa ba ya isarsa, sai an ƙaro daga waje. Arjinin da gulutamin na cikin waɗannan, kuma ina so ku riƙe sunan arjinin domin za mu daɗe a kansa.

Ku dubi yadda aka tsara kolajin, domin abin mamaki ne. Zare uku ne aka murɗe wuri ɗaya. A kowane zare, duk amino asid na uku a jeri gilisin ne, mafi ƙanƙanta a cikinsu, domin shi kaɗai ke iya shiga matsatsin tsakiyar murɗin. Akwai wata cutar gado da ke sa ƙasusuwan yara karyewa da ɗan bugu kaɗan, kuma sau da yawa dalilinta bai wuce musanya gilisin guda ɗaya da wani amino asid a cikin zaren ba. Guda ɗaya tak. Bayan gilisin sai furolin, wanda ke ƙarfafa murɗin, sai laisin, wanda ke ƙulla wannan zare da maƙwabcinsa don ƙashin ya jure nauyi. Laisin na cikin 9 ɗin nan da sai an ci.

Furolin da laisin kuwa ba sa gama aikinsu sai da taimakon bitamin C. Tarihi ya nuna mana wannan ta hanya mai ban tsoro. Tsakanin 1740 da 1744 wani kwamandan jiragen ruwan Ingila, George Anson, ya kewaya duniya, fiye da rabin mutanensa suka mutu, akasarinsu saboda cututtuka, musamman cutar rashin bitamin C mai sa dasashi zubar da jini. Labarin tafiyar da aka buga a 1748 ya ba da bayanin raunukan da suka warke shekaru da yawa amma suka sake buɗewa, da karayar da ta daɗe da kamawa amma ƙullutunta ya narke kamar ba a taɓa ɗora ta ba. Idan rashin wannan sinadari zai iya warware tsohon ɗori, ku auna abin da zai yi wa sabo.

Wani abin da ya kamata masu jinya su sani shi ne, karaya na cin jikin mutum. Tun farkon shekarun 1930 wani masani a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, David Cuthbertson, ya auna fitsarin mutanen da suka karye a dogayen ƙasusuwa, ya tarar suna zubar da sinadarin naitirojin fiye da ƙima, alamar cewa jiki yana narkar da tsokarsa don ya sami amino asid. Shi ya sa za ka ga ƙaton matashi ya kwanta da karayar cinya, kafin wata guda ya zabge. Ba kwanciyar kaɗai ba ce, jikinsa ne ke cin kansa don ya biya kuɗin gyara. A daidai wannan lokacin ne kuma a gidajenmu ake ɗora majinyaci a kan kunu da shayi da burodi, wai abinci mara nauyi. Wallahi abin na damuna, domin ƙauna ce ke sa a yi hakan, amma sakamakonsa yunwa ce.

Yanzu mu koma kan arjinin. Hanya biyu yake bi a wurin karaya. Ta farko, jiki na sarrafa shi ya zama wata iska mai suna naitirik oksaid, wadda ke buɗe jijiyoyin jini, tana taimakawa wajen tsirowar sababbi, tana kuma isar da saƙo ga ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi. Muhimmancin wannan iska ga jijiyoyin jini ne ya sa aka ba masana uku na Amurka lambar yabo ta Nobel a 1998. Ta biyu, arjinin na rikiɗa ya zama wani amino asid mai suna onitin, shi kuma onitin ya zama furolin, wanda muka ce yana cikin kayan haɗin kolajin. Ke nan sinadari ɗaya yana kawo jini, yana kuma samar da kayan aiki.

Wannan ne ya sa wasu likitocin tiyata a Jami'ar Mastirik da ke ƙasar Holan suka ɗebi samfurin nama da ƙashi daga wurin karayar majinyata suka auna. Sakamakon da suka wallafa a 2012 ya nuna bambanci tsakanin iri biyu na karayar da ta ƙi kamawa. Akwai wadda bakin ƙashin ke kumbura ya yi faɗi, likitoci na kiranta ƙafar giwa saboda siffarta a hoto. Wannan tana da rai, tana da jini, jiki yana ta ƙoƙari, motsi ne kawai ya hana ta haɗewa. Akwai kuma wadda bakin ƙashin ke sirancewa ya bushe, babu wani ƙullutu. A wannan ta biyun ne suka tarar arjinin ya yi ƙaranci, alhali a ta farkon yana da yawa. Daga baya masu binciken wannan jami'a suka gwada ba ɓerayen da aka karya wa ƙashi sitrulin, wani amino asid da ƙoda ke mayarwa arjinin, wanda a cikin kankana aka fara gano shi, kuma suka ga ƙashin ya fi saurin haɗewa.

A kan mutane fa? A birnin Janiba na ƙasar Suwizalan, a 1990, an ba tsofaffin da suka karye a wuyan ƙashin cinya ƙarin abin sha mai ɗauke da giram 20 na furotin a kullum. Waɗanda suka samu sun fi ƙarancin matsaloli, kuma sun fi saurin barin asibiti. Wani gwajin a wannan birnin a 1998 ya nuna ƙarin furotin na wata 6 yana ɗaga wani sinadarin girma da hanta ke fitarwa, yana kuma rage zaizayewar ƙashi. Sai kuma a 2022, likitocin Jami'ar Ayowa a Amurka suka wallafa gwajin da suka yi da majinyata kusan 400 da aka yi wa tiyatar karaya. Rabinsu an ba su haɗin arjinin da gulutamin da wani sinadari da ke fitowa daga amino asid mai suna liyusin, sau biyu a rana har mako biyu. A cikin waɗanda aka ba, kusan 30 cikin 100 ne suka gamu da wata matsala bayan tiyata, a ɗaya rukunin kuwa kusan 44 cikin 100. Tsokarsu ma ba ta zube kamar ta sauran ba a mako shida na farko.

Waɗannan sakamako ne masu ƙarfafa gwiwa, amma a lura da kyau. Gwajin Janiba da na Ayowa a kan sabuwar karaya aka yi su, na sitrulin kuma a kan ɓeraye. Abin da suke nunawa shi ne ciyar da majinyaci da kyau tun daga farko yana rage masa haɗari. Saboda haka duk mai tallan da ya ce maka gwangwanin garinsa ko ƙwayarsa za ta haɗa ƙashin da ya shekara yana lilo, ya wuce inda binciken ya tsaya, kuma aljihunka yake hange.

Karayar da ta riga ta ƙi kamawa, dalilinta ake nema a kawar. In mai ƙafar giwa ce, abin da take buƙata shi ne a tsayar da motsi, da ƙarfen da ake zurawa cikin ɓargo ko wanda ake ɗaurawa a jikin ƙashi da sukurori. In busasshiya ce, sai a kankare bakin ƙashin har ya yi jini, a ɗebo ɗanyen ƙashi daga ƙugun mutumin a cike gurbin. In kuwa akwai mugunya, to babu wani amino asid da zai yi tasiri sai an cire mataccen ƙashi an kashe ƙwayoyin cutar. Labarin Valeriy Brumel ya isa misali. Ɗan wasan tsalle ne na Tarayyar Sobiyet wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964. A 1965 ya yi hatsarin babur, ƙwaurinsa na dama ya ragargaje, aka yi masa tiyata fiye da 20 ba a dace ba. Mutum ne mai ƙarfin jiki, ba kuma wanda zai rasa abinci ba. Sai a 1968 Likita Gavriil Ilizarov na garin Kurgan a Saiberiya ya sa masa wasu zobban ƙarfe da ke kewaye ƙafa daga waje, suna riƙe ƙashi da siraran wayoyi, ƙashin ya kama har Brumel ya sake yin tsalle. Ana amfani da wannan dabara a asibitocin ƙashi na duniya har yau.

Amma shi ma likitan tiyata ba ya cin nasara a jikin da ba shi da kayan aiki. A 2007 wani likitan ƙashi a birnin Hustan na Amurka, Mark Brinker, ya ba da rahoton majinyata 37 da karayarsu ta ƙi kamawa ba tare da wani dalili bayyananne ba. Da aka yi musu gwajin jini, 31 an same su da wata matsala da ba a sani ba, mafi yawa ƙarancin bitamin D, kuma 8 daga cikinsu sun warke da magani kawai, ba tiyata. Wannan bitamin daga hasken rana fata ke samar da shi. Kada mu ce ai mu muna da rana. Majinyacin da aka ajiye a ƙuryar ɗaki wata huɗu bai ga rana ba, a riƙa fito da shi tsakar gida da hantsi.

To me za a zuba a kwanon mai karaya? Lafiyayyen baligi na buƙatar kusan giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai jinyar babban rauni kuwa ana so ya sami giram 1.2 zuwa 1.5. Mutum mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 90 kullum. Ƙwai ɗaya na ba da kusan giram 6, kofin madara ko nono kusan giram 8, giram 100 na busasshen wake ya haura giram 20, na waken suya ya haura 30. Ku lissafa da kanku ku ga ko kunun safe da tuwon dare za su kai.

Matsalarmu ta musamman ita ce dawa da gero da masara, waɗanda su ne ƙashin bayan abincinmu, duk suna da ƙarancin laisin. Wake kuwa yana da shi sosai, shi kuma hatsi yana cike abin da wake ya gaza. Shi ya sa shinkafa da wake, ko kunu da ƙosai, ko ɗanwake, ko alala, ko fura da nono mai kauri suka fi hatsi tsura nesa ba kusa ba. Awara na da arha kuma furotin ɗinta na da kyau. Gyaɗa da ƙuliƙuli suna da arjinin mai yawa, ko da yake ba su kai wake laisin ba. Busasshen kifi da aka daka da ƙayarsa aka zuba a miya yana ba da furotin da kalsiyam a lokaci guda. Fara ma, inda ake cinta, furotin ce mai kyau. A rarraba abincin sau uku ko huɗu, domin jiki ya fi amfana da hakan fiye da a tara masa lokaci ɗaya. Don bitamin C kuma a nemi gwaba, lemo, mangwaro, ɗanyen tumatir da tattasai, da garin 'ya'yan kuka, a tuna cewa daɗewa a kan wuta yana kashe shi.

Na san wani zai ce ƙafar sa da ganda fa, ai su ne kolajin ɗin da kansa. Haka ne, suna da gilisin da furolin, kuma ba laifi a ci. Sai dai ba sa tashi daga ciki su nufi wurin karaya kai tsaye. Hanji zai wargaza su, jiki ya rarraba yadda ya ga dama, kuma kolajin ba shi da tiriftofan, ɗaya daga cikin 9 ɗin nan na dole. Kuɗin ƙafar sa guda in aka sayi ƙwai da wake da su, sun fi yi wa majinyaci amfani. Haka kuma maganar da ake yi a wasu gidaje cewa ƙwai ko nono ko gyaɗa na sa rauni ya yi mugunya ba ta da tushe. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya, kuma jikin da ke jin yunwa shi ya fi kasa yaƙarsu.

Akwai waɗanda dole su yi hattara. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da shawarar likitansa. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya kada ya sayi ƙwayoyin arjinin ya sha, domin wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006 sai da aka dakatar da shi bayan mutuwar wasu daga cikin masu irin wannan ciwo da aka ba sinadarin. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, domin hawansa na jinkirta warkewa. Taba kuma, 'yan'uwa, tana matse ƙananan jijiyoyin jinin da arjinin ke ƙoƙarin buɗewa, kuma masu shanta sun fi fuskantar ƙin kamawar ƙashi. Magungunan kashe zafi irin su dikulofenak da ibufurofen kada a mayar da su abin shan kullum na tsawon watanni ba tare da likita ya sani ba, haka ma haɗe-haɗen da ake sayarwa a leda, waɗanda wasu ke ɗauke da deksametason mai raunana ƙashi.

Ga maɗoranmu kuma, muna girmama sana'ar da kuka gada, jama'a na zuwa wurinku kafin su je ko'ina, saboda haka maganarku tana da nauyi. Ku riƙa tambayar iyalan majinyaci abin da suke ba shi. Idan ƙashi ya huda fata, ko yatsu sun yi sanyi sun canza launi bayan ɗauri, ko wurin yana fitar da ruwa mai wari, wannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. Idan kuma wata uku ya cika mutum bai iya taka ƙafa ba, ko ana jin motsi a wurin karayar, a je a ɗauki hoton ƙashi. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi suna da sashen ƙashi, haka ma manyan asibitocin Yamai da Damagaram. In an je, a roƙi likita ya duba yawan jini da suga, ya auna nauyin majinyacin, a kuma faɗa masa gaskiyar abin da yake ci a rana da ko yana shan taba.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.